Jan Ƙwan Surukata

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar wa kowa nasa. Wannan ba tatsuniya ba ce. A gidanmu aka yi, a Karantina, kudancin Jidda, kuma da hannun nan nawa na tsinci ɓawon albasar da ya jawo maganar.

Daga Makka aka kawo ni gidan miji, lokacin ba a daɗe da rushe ganuwar Jidda ba. Gidan sandaƙa ne, katakon akwatu da gwangwanin kananzir da aka baje aka buga da ƙusa, ɗaki uku, tsakar gida, da akurkin kaji a kusurwa. Da aka yaye mini lulluɓi, mace ta farko da na gani fara ce sol, idanunta kamar na mage, gashinta ya leƙo ta gefen kallabi launin gashin masara. Na ɗauka wata ce daga manyan gidajen cikin gari ta zo kallon bikin Takari. Sai ta buɗe baki.

"Ke 'yar nan, haka ake zama a Makka? Ƙafa a miƙe kamar mai jiran a cire mata ƙaya?"

Da Hausa ta faɗa, Hausar da ta fi tawa gishiri. Na naɗe ƙafata. Ita ce surukata, uwar mijina. Unguwa duk Baturkiya suke ce mata, ni kuwa Inna.

Labarin da kowa ya sani a kanta gajere ne. A zamanin babban yaƙi, wanda tsofaffin Hijaz ke kira Safar Barlik, Turkawa sun kwashe mutanen Madina sun zuba a jirgin ƙasa zuwa Sham. A cikinsu akwai wani Bahaushe ɗan ga-ruwa da matarsa, Allah bai ba su haihuwa ba. Da yaƙi ya ƙare suka dawo da wata farar yarinya, suka ce 'yar wani sojan Turkiyya ce da ya rasu ya bar musu amana. Suka raine ta, suka aurar da ita ga ɗan ƙanen mutumin, ta haifi ɗa guda tal. Shi ne mijina.

Mijina baƙi ne wuluk kamar ubansa, bai ɗauko ko farcen Inna ba. Amma a zuciyarsa Baturke ne. A tashar jiragen ruwa yake aiki, shi ke kula da masu ɗaukar kayan alhazai. Ya sayi jar hular nan ta Turkawan da, tarbush, a wajen 'yan gwanjo, mai tuntu a baya, ba ya cire ta sai zai yi alwala. Yana murɗe gashin bakinsa da sabulu. Yana dafa mana gahawa irin ta Turkawa, wadda rabinta laka ce, ya tsaya a kanmu sai mun shanye. 'Yan unguwa suka sa masa Afandi, laƙabin manyan Turkawa, don tsokana, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu, har ya kan gyara tsayuwa in an kira.

Kakan nan nasa soja, shekarar da aka kawo ni saje ne. Da na haifi 'yar fari ya zama hafsa. Kafin in yaye na uku ya kai basha, babban sarkin yaƙi, da farin doki da takobin azurfa. Mutum ya daɗe a kabari, amma ƙarin girma bai daina zuwa masa ba.

Inna ba ta taɓa musa masa ba, ba ta kuma taɓa gaskata shi ba. Dama ba ta yi masa magana kai tsaye. Ɗan fari ne, ita kuwa a kunya ta fi matan Kano. Ba ta faɗin sunansa, wancan take cewa. Yana zaune a gabanta za ta juyo gare ni ta ce, "Ke, gaya wa wancan tuntun hularsa ya shiga miya."

To, ga maganar ƙwai. Kowace shekara, in sanyi ya tafi zafi bai kankama ba, Inna sai ta fara duban wata. Sai ta zaɓi wata Lahadi ta ce ranar ƙwai ta zo. Ba wanda ya taɓa tambayar me ya sa Lahadi. Tun da sauran wata guda take tura ni kasuwar Bab Makka wajen masu albasa, in tsinto busasshen ɓawon da suke zubarwa, jan, ba farin ba. Masu albasar suna mini kallon mai taɓin hankali. Ta tara ƙwan kajinta, ta shimfiɗa ɓawo a tukunya, ta jera ƙwai, ta rufe da ɓawo, ta dafa. In aka sauke sai ƙwai ya fito ja jawur, ta shafe shi da mai yana sheƙi.

Sai karo. Kowa ya zaɓi nasa. Inna ba ta zaɓa da ido, sai ta ƙwanƙwasa ƙwan a haƙorinta na gaba tana saurare, ta ajiye, ta ɗauki wani, har ta sami mai amon da take so. Mai tarewa ta dunƙule hannu a kan ƙwanta ta bar tsinin kaɗai a waje, mai bugu ta buga da tsinin nata. Wadda nata ya fashe ta miƙa shi, an cinye ta. Shi ke nan wasan. Amma da kun ga matan layinmu a ranar, manyan mata masu jikoki, wasu sun tsaya Arfa sau goma, suna ihu suna tsalle suna zargin juna da maguɗi, da kun ce gadon gida ake rabawa. Inna kuwa ba a taɓa cinye ta ba. Ta kan tashi da ƙwai cike da zani, ta raba wa yara tana taƙama.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga, Bahausar Sudan ce mai babbar murya, ita ce abokiyar hamayyarta. Wata shekara ta samo ƙwan zabo, ta rina a ɓoye, ta zo tana fasa na kowa tana rangaji. Inna ta ce, "Kawo in gani, hajiya." Ta ɗora a haƙori sau ɗaya.

"Wannan kazar taki a daji ta yi karatu."

Maƙwabciya ta rantse ta kuma rantsewa, sannan dariya ta ci ƙarfinta ta zauna a cikin kwanon ɓawo. Kwana uku zaninta da tabo.

Mijina shi ya fi kowa alfahari da ranar. Ya kan tsaya a ƙofar gida yana gaya wa masu wucewa cewa al'adar Turkawa ce, haka ake yi a gidan basha.

Sai wata shekara tunani ya zo masa. Ya ce tunda alhazan Turkiyya ta hannunsa suke wucewa, ba zai yiwu a ce babu dangin uwarsa a cikinsu ba. Zai riƙa kawo su gida su ga Inna, ta faɗa musu abin da ta tuna, wani ya gane ta. Basha ai ba ya ɓata a ƙasarsu.

Ranar da ya kawo na farko, maza biyu da mace ɗaya, ya zaunar da su a ƙofar gida ya shigo yana kiran a fito da Inna. Na duba ɗakinta, babu. Na duba bayan gida, na leƙa gidan maƙwabciya, babu. Ina dawowa sai na hangi dugadugan ƙafa farare a bakin akurki. Inna mace ce mai jiki, akurkin kuwa bai wuce ƙuguna ba. Har yau ban san yadda ta shiga ba. Na tsuguna na leƙa, ga ta a takure, kaza a cinyarta.

"Inna, me kike yi a nan?"

"Lafiyar kaji nake dubawa."

"Baƙi suna jira."

"Su jira. Matso, ki rage murya."

Na cusa kaina ciki, kashin kaji a gwiwata. A nan ta gaya mini.

"Ni ba Baturkiya ba ce. Mutanenmu Arman ake ce musu, Nasara ne. A ƙasar Turkawa muke, gari ɗaya, rijiya ɗaya. Ban fi wannan 'yar taki ta fari ba aka fito da mu. Maza tun farko aka ware su, ban sake ganin ubana ba. Mu mata da yara aka kora mu a ƙasa, tafiyar da ba ta da masauki. Uwata ta zauna a bakin wata hanya ta ce in ci gaba, tana zuwa. Na ci gaba."

Ta shafa bayan kazar.

"A wata tashar jirgin ƙasa a Sham wani soja ya gan ni. Shi ma Baturke ne, irin waɗanda suka kora mu. Ko gemu bai yi ba, ko takalmi ba shi da shi, tsumma ya naɗa a ƙafa. Ya lulluɓe ni da babbar rigarsa, ya kai ni wajen wata baƙar mata da ke hura wuta a bayan tashar, ya ce mata da hannu da guntun Larabci, in an tambaya a ce 'yarsa ce. Ya juya ya tafi. To, wannan shi ne bashan wancan."

Na ce, "Ƙwan fa?"

"Shi kaɗai na fito da shi. Harshen ya tafi, sunan garin ya tafi. Ina tuna hannun uwata ja da rini, ranar idinsu, shi ke nan. Na yi ta kuka a Madina har wanda ya raine ni ya je ya roƙo ɓawon albasa."

Na ce to me zai hana a gaya wa maigida. Sai ta kama wuyan hannuna.

"Tsakanina da Allah babu duhu, tun ban isa salla ba nake salla. Amma wancan a kan hular nan ya gina kansa. In ya ji uwarsa 'yar Nasara ce, kuma masu hular ne suka kashe nata, ban san da wane ido zai dube ni ba. Shi kaɗai gare ni, 'yar nan. Na rasa uwa a bakin hanya, ba zan rasa ɗa a tsakar gida ba. Waɗancan kuwa tambaya biyu za su yi mini su gane."

Ta sa na rantse. Kaza ce kaɗai shaida. Sannan muka tarar shiga ta fi fita sauƙi, sai da na cire katako biyu na jawo ta ta ƙafa, ta fito da gashin kaza a kallabi, muna dariya muna toshe baki, hawayenmu bai ma bushe ba. Na fita na gaya wa maigida haƙori ya tasar wa Inna, ba ta iya buɗe baki.

Daga nan na zama maƙaryaciyar gidan, kuma na ƙware. Duk lokacin hajji sai ya kawo Turkawa, duk lokacin hajji sai Inna ta kwanta. Shekara ɗaya haƙori, muka ɗaure mata haɓa da kallabi kamar gawa, baƙi suka yi mata addu'a suka tafi. Shekara ta biyu ciwon ido, ɗaki a rufe. Ta uku na fitar da ita ta katangar maƙwabciya na ce ta tafi ta'aziyya. Ta huɗu dabara ta ƙare mini, na ce iskokinta sun tashi, ba sa son warin baƙi. Maigida ya zauna ya yi tagumi.

"Wai me ya sa Inna ba ta ciwo sai alhazai sun zo?"

Na ce, "Iskar teku ce suke kawowa, ba ta karɓe ta ba."

Ya ce haka ne, jinin manya ba ya son wahala.

Muna nan a haka har shekarar da aka fara maganar talabijin a Jidda. A shekarar hajji ya faɗo daidai ƙarshen sanyi. Alhazai sun sauko daga Makka suna jiran jirgi, Inna kuwa ta dubi wata ta ce Lahadi mai zuwa ranar ƙwai ce. Ni da ita ba wanda ya haɗa lissafin biyun a ransa. Maigida ya haɗa, ya ɓoye mana.

Da hantsi tsakar gida ta cika. Inna ta cinye mata bakwai, hannunta ja har wuyan hannu, kallabi ya zame, tana tsaye a tsakiya tana cewa, "Saura wa? Yalla, a kawo na gaba." Sai ga maigida ya faɗo ko gyaran murya babu, bayansa wani tsoho mai sabon askin hajji da wata tsohuwa gajera, kewayayya kamar tulu. Mata suka watse neman mayafi, biyu suka ja guda ɗaya. Inna ta dubi akurki. Na gyara katakon tun tuni, kuma akwai mutum goma tsakaninta da shi. Ta tsaya cak da ƙwai a hannu.

Maigida ya zaɓo su da gangan. Turkawa ne daga wani gari kusa da iyakar Sham, suna jin Larabci, don kada a ce harshe ya hana. Ya gyara tarbush ya ce da Larabci, "Ya hajji, ga uwata, 'yar ƙasarku, 'yar basha. Ga kuma al'adarku, mun riƙe muku ita a nan shekara da shekaru."

Ya ɗauko kwanon jan ƙwai ya miƙa wa tsohon.

Tsohon ya duba kwanon, ya dubi Inna, ya sake duban kwanon. Ba da mugunta ya faɗa ba, kamar mai gyara wa mutum hanya ne.

"Ɗana, wannan ba namu ba ne. Na Arman ne, Nasara. Ranar idinsu suke yi."

Maigida ya yi dariya ya ce wataƙila a garinsu hajji ne ba a yi, amma a gidan basha ana yi. Ya juya ga Inna don ta tabbatar. Inna ba ta juyo gare ni ba, ba ta ce a gaya wa wancan komai ba. Ta sunkuyar da kai. Na ga dariyar ta bushe a fuskarsa.

Sai tsohuwar nan ta ture mijinta gefe. Ta sa hannu a kwanon ta ɗauki ƙwai, ta kai baki. Haƙori biyu gare ta a sama. Ta ƙwanƙwasa a ɗaya tana saurare, ta yamutsa fuska, ta mayar. Ta ɗauki wani, ta mayar. Na uku ta gyaɗa kai. Ta dunƙule hannu a kansa ta bar tsini kaɗai a waje, daidai yadda Inna ke yi, ta miƙo hannun gaban Inna.

Inna ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta buga.

Ƙwas. Aka duba. Na Inna ne ya fashe.

Maƙwabciya ce ta fara guɗa. Shekara nawa tana jiran wannan rana. Mata suka manta da mayafi suka manta da tsohon, suka dawo suna tafi. Inna ta duba ƙwanta, ta duba tsohuwar, fuskarta ta yi ja kamar hannunta.

"Maguɗi ne. Babban yatsanta ta tura. Ke, gaya mata a sake."

Inna ta manta su biyun duk suna jin Larabci. Tsohuwar ba ta jira fassara ba, ta miƙo tafin hannu a ba ta ƙwan da ta ci, ta cusa a aljihu, ta sake dunƙulewa. Suka zauna a ƙasa gwiwa da gwiwa. Inna ta ci biyu, tsohuwa ta ci uku. Kowace tana leƙa hannun ɗaya, kowace tana zagin ɗaya da harshenta, suna dariya har tsohuwar ta kwanta a kafaɗar Inna tana tari. Mijinta ya ce mata da harshensu wani abu mai kama da tsawatarwa, ta ɗaga masa hannu ko kallonsa ba ta yi ba.

Da numfashinta ya dawo ta yi magana, tana ɓare ƙwai. Ta ce katangarsu ɗaya da wani gida na Arman. Akwai yarinya tsararta a gidan, ita ta koya mata gwada ƙwai a haƙori. Duk shekara a kan miƙo musu kwano ta saman katanga, su ma da layya su miƙa nama. Wata safiya aka fito da mutanen gidan. Uwar yarinyar ta ba uwar tsohuwar nan makullin gida ta ce a riƙa ba wa kurangar inabi ruwa kafin su dawo.

"Makullin yana rataye a ɗakina. Gidan, ƙanen ubana ya shige shi tun a watan. Tun ranar ban sake taɓa jan ƙwai ba, sai yau, a ƙasar Manzo, a gidan baƙaƙe."

Ta tambayi Inna sunan garinsu. Inna ta ce ba ta sani ba. Ta tuna ƙanƙara a kan rufi, da wata bishiya mai ɓata riga da jan 'ya'ya, da wanta mai tsagaggen kunne. Tsohuwar ta yi tunani ta girgiza kai. Maƙwabtansu ba su da ɗa namiji. Ba ita ba ce. Suka ci ƙwan da gishiri.

Duk wannan maigida yana tsaye a inda yake. Da baƙi suka tashi ya raka su. Ya dawo bai ci abinci ba. Ya cire tarbush ya jefa a kan akurki, na ga tsakiyar kansa da rana karo na farko, ashe sanƙo gare shi. Kwana uku yana fita da asuba ya dawo ya shige ɗaki, bai gaishe da Inna ba, mutumin da bai taɓa fita bai durƙusa a ƙofarta ba. Ni ma tambaya ɗaya ya yi mini.

"Kin sani?"

Na ce na sani.

"Haƙorin ma ƙarya ne?"

Na ce har iskokin.

Inna ta daina fitowa. A rana ta uku na same ta tana ƙulle kayanta a zani, tasbaha, buta, zannuwa biyu. Ta ce za ta koma Madina ta zauna a bakin Harami da tsofaffi, kada ya riƙa ganinta yana jin nauyi. Na kwance ƙullin, ta sake ɗaurewa. Na zauna a kansa.

Rana ta huɗu da la'asar muka ji amalanken jaki ya tsaya a ƙofa. Maigida ya shigo da buhun albasa a kafaɗa, babban buhu, ya dire a tsakar gida. Ya ɗauko wuƙa da babbar tasar wanki, ya zauna a ƙasa, ya fara yanka. Mutumin da bai san inda ake ajiye ludayi ba. Yana feɗe ɓawon yana watsarwa, yana yayyanka albasar a tasa. Kafin ya yi goma idanunsa sun kumbura, hawaye na bin gashin baki, sabulun ya narke, gashin ya sauko kamar na akuya da ruwa ya doka. Yara suka gudu waje. Ni ina bakin murhu ina hawaye. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya mutu.

Bai dubi ƙofar Inna ba ya ɗaga murya.

"Ke, gaya wa Inna ƙwan bana bai isa ba, baƙi sun cinye. Ni ko ɗaya ban samu ba. A sake dafawa. Ga albasa na kawo."

Labulen ɗakin ya motsa. Inna ta fito a hankali, ta tsaya a kansa. Ta dubi tasar da ta kusa cika, ta dubi ɓawon da iska ke yawo da shi, kaji na tsattsaga. Na gyara tsayuwa ina jiran ta ce in gaya wa wancan.

Sai ta kira sunansa. Da bakinta, a gabana. Tun da na zo gidan ban taɓa ji ba.

Ta ce, "Ɓawon ake so. Wanda kake zubarwa."

Ya dubi wuƙa, ya dubi tasa, ya dubi kaji. Ya ce, "Ita albasar fa?"

"Ita ta miya ce, Afandi."

Ban san wanda ya fara ba. Na dai ga Inna ta zube a ƙasa kusa da shi tana dariya tana dukan bayansa, shi ya kifa kai a gwiwarta kafaɗunsa na rawa, kowa fuska sharkaf, kowa yana cewa albasa ce. Maƙwabciya ta hauro katanga da zaninta ta hau korar kaji tana tsintar ɓawo. Mun ci albasa sati biyu, a miya, a shinkafa, a cikin burodi, har layin gaba aka kai.

Da ya share fuska ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, sojan dai, ko saje bai kai ba?"

"Ko takalmi ba shi da shi."

Ya ce, "To Allah ya ba shi takalmin Aljanna." Ya tashi ya je ɗauko tarbush a kan akurki, ya tarar kaza ta yi ƙwai biyu a ciki. Ya kawo wa Inna haka nan, ya ce a fara da waɗannan. Tun daga ranar hular ba ta koma kansa ba. A cikinta ake jera jan ƙwai duk shekara.

Tsohon da tsohuwar sun hau jirginsu a satin. Ta tafi da ƙwai ɗaya a ƙulle a bakin mayafi, ta ɓoye wa mijin. Ban sake jin labarinsu ba.

Maigida ya daina kawo Turkawa. Ba a yi wata uku ba ya gano akwai Arman 'yan Halab ta Sham masu gyaran mota a cikin gari, ya zo yana cewa wataƙila uban Inna babban attajiri ne a ƙasarsu. Inna ta ce in gaya wa wancan, in ya kawo mata ko ɗaya za ta koma akurki. Sunan nan nasa sau ɗaya ta faɗa, ba ta ƙara ba. Duk azumi yana yin sadaka uku, ta ɗan ga-ruwan da matarsa, ta sojan mara takalmi, da wata da ba ya faɗin ta wa, ni na san ta matar da ta zauna a bakin hanya ce. Ya rasu da sanƙonsa a waje, 'yan unguwa suna ce masa Afandi har kabari.

Inna ta yi shekara tara bayan ranar albasar nan. A ɗakinta ta rasu, a gidan ɗanta. Ni da maƙwabciya muka yi mata wanka, da sauran ja a gefen farcenta, ba mu kankare ba. Shi ya sa ta a kabari da hannunsa.

Maƙwabciya ta koma Sudan wajen 'yarta, an ce ta kai wasan can, kuma da ƙwan zabo take yi, ba mai kama ta.

Gidan sandaƙa babu shi, mun daɗe da tashi. Iyayenku sun san labarin, kowa ya bar wa wani ya faɗa, har kuka girma kuna tambayar inda 'yar autarku ta samo idon mage. To ga inda ta samo. Ni kuwa haƙoran gaba sun tafi, sai dai in gwada ƙwai a na wani. Tarbush yana cikin akwatina, asu ya ci tuntun. Sanyi ya kusa tafiya, duk wadda za ta kasuwa ta tsinto mini ɓawo, jan, ba farin ba.

Ga kunnuwanku nan, kowa ya ɗauki nasa.